Mararraba a Ƙarƙashin Yatsan Hagu

Ni bahago aka haife ni, amma ba a bar ni na more ba. Ina ɗan shekara biyar Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu wadda ta riƙe ni tun yaye, ta cusa hannuna na hagu cikin zunguru, dogon duman nan da mata ke sa hannu in sun ƙunsa lalle, ta ɗaure bakinsa da tsumma a gwiwar hannu. Da shi nake wuni, ba a kwancewa sai zan kewaya ko za a yi mini wanka. Bayan wata guda na koma cin tuwo da dama, na koma riƙe alƙalami da dama, kowa ya ce Gwaggo ta yi aiki. Abin da ba wanda ya lura da shi, hannun daman bai taɓa zama nawa sosai ba, hagun kuma ya yi fushi ya daina kula ni. Har yau rubutuna kamar kaza ta bi ta kan jiƙaƙƙen yumɓu yake, kuma in aka jefo mini lemo sai hannayen biyu su tsaya jiran juna har ya faɗi ƙasa.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun da kuɗin fetur bai gama janyewa ba, lokacin da ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi zai je Makka ya dawo da akwatuna uku. Ina malamin gona a Kebbe, ni da matata. 'Yarmu ta fari kuwa tana gida Tambuwal wajen Gwaggo, ita ma tun yaye, kamar yadda aka saba. A wurinmu ɗan fari ba naka ba ne a gaban manya. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka tambayar ko ya ci abinci, in ana dukansa sai ka ƙura wa bango ido. Duk Asabar nake hawa babur in je gida, in gaida kowa, in saci kallonta ta gefen ido in ga ko ta yi ƙiba, ran Lahadi in koma.

A ƙarshen daminar wata shekara Yaya, babban wanmu, ya dawo daga aikin Hajji. Bayan an raba dabino da zamzam da huluna, sai ya zaro wani abu daga aljihun jallabiya ya ce wannan kam nasa ne, kada wanda ya sa rai. Gem ne, wato abin wasa mai batir da ake riƙewa a hannu, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. A tsakiya akwai ɗan gilashi kamar kwalin ashana, a cikin gilashin wani ɗan baƙin mutum yana tsaye a gindin bene mai hawa huɗu. Aikinsa ya bi katako, ya tsallake ramuka, ya hau tsani, ya kauce wa duwatsun da ke gangarowa, har ya kai can sama ya buga wata ƙararrawa. Rai uku gare shi. A gefen dama an sa jan madanni guda ɗaya, na tsalle. A gefen hagu kuma aka sa wani baƙin madanni mai hannu huɗu kamar alamar tarawa ta lissafi: gaba, baya, sama, ƙasa. Tun ranar muka sa masa suna mararraba.

Duk tafiyar ɗan mutumin a kan mararrabar nan take, mararrabar kuma a ƙarƙashin babban yatsan hagu. Nan gizo ke saƙa. Maza shida a zaure, 'yan kasuwa da manoma masu ƙarfin ɗaga buhun gero, aka rasa wanda zai tsallake da shi ramin farko. Yatsunsu na hagu ba su taɓa yin aikin da ya wuce riƙe buta ba. Yaya ya danna gaba ya manta bai saki ba, mutumin ya zarce cikin rami. Ya gicciya hannuwa ya ɗora dama a kan mararraba, sai ya tare gilashin da wuyan hannunsa. Ya juya gem ɗin kai a ƙasa, mararraba ta dawo dama, sai mutumin ya koma tafiya a rufin ɗaki, in an ce masa gaba ya yi baya.

"Wanda yay yi abin ga bai da tarbiyya," in ji Yaya, gumi na zuba daga ƙarƙashin sabuwar hularsa. "Mi za a ɗauki aiki dut a ɗora ma hagu, a bar dama zaune?"

Ya miƙo mini don a yi dariya, tunda kowa ya san ni ne mai faɗar da kofi a gidan. Na karɓa. Ban san yadda zan kwatanta abin da ya faru ba sai dai in ce yatsan ya gane wurin kafin ni. Tsakiyar mararrabar akwai ɗan kwarmi daidai cikin yatsa. Ba sai ka ɗaga ba, jirkitawa kawai za ka yi, kana ji a fatarka lokacin da ta amsa da lokacin da ta saki. Ba ta yarda ka danna gaba da baya lokaci guda, don a kan ɗan tudu take zaune, in gefe ɗaya ya sauka ɗayan ya tashi. Taku ɗaya kake so, taku ɗaya za ta ba ka. A gwaji na biyu na tsallake ramuka uku na hau tsani na isa hawa na biyu. Mazan zauren suka matso suna leƙen gilashin ta kan kafaɗata.

Da wannan daɗin na shiga cikin gida gaida Gwaggo. Na tarar tana raba wa yara dabino a tsakar gida. Yarinyar ta matso, ta miƙa hannu, kuma hagu ta miƙa. Ba ranar na fara ganin haka ba, na daɗe ina lura da hannun da take jan guga na wasa da wanda take jifa da shi, ina ɓoye murnata. Gwaggo ta make hannun da bayan ludayi.

"Ke ɗiyag ga! Da wane hannu anka ce ki amshi abu?" Sannan ta juya wajen matar Yaya, kamar ba na wurin. "Zunguruna na da ya tsage. Na aika garin Jabo, in duma ya bushe a yanko min ƙarami."

Na ƙura wa bango ido, kamar yadda aka koya mini. Raina kuwa ya ɓaci har ina jin ɗaci a baki. Magana guda ce: Gwaggo, ki bar mata hannunta. Amma uban 'yar fari bai faɗin haka. In na faɗa, kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa boko ya cire mini kunya, ina nuna wa wadda ta raine ni yadda ake riƙon yaro.

A hanyar komawa Kebbe, ina kokawa da babur cikin taɓon da damina ta bari, dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ban taɓa yin dabara mai kyau irinta ba. Gem ɗin yana aljihuna, don Yaya ya ce in ɗauke masa shi daga gani kafin ya taka shi. Na ce zan zauna da shi har in buga ƙararrawar nan ta sama. Ranar da na iya, in zo gida in yi a gaban kowa, a gaban Gwaggo, sannan in ce, kamar hira nake da Yaya, mutanen da suka ƙera jirgin da ya kai shi Makka ga shi sun ba hagu babban aiki, ashe zamani na zuwa da mai hagu zai yi rana. Ban ambaci kowa ba, ban roƙi kowa ba. Sai in ajiye gem ɗin inda yarinya za ta ɗauka, kowa ya gani da idonsa. Har na rantse a raina ba zan taka Tambuwal ba sai na buga ƙararrawar. Na ba kaina mako guda.

Gilashin ba shi da haske nasa, sai da rana ake gani, ranar ma sai a inuwa. Don haka da na dawo daga zagayen gonaki, na yi la'asar, sai in shimfiɗa tabarma a gindin bedi, wato darbejiyar ƙofar gidan da nake haya, in duƙufa. Masu wucewa suka fara cewa malamin gona ya samu sabon wuridi.

Hawa na farko da na biyu ba su ba ni wuya ba. A nan mararrabar ta nuna gwanintarta. Wasa irin wannan duk a kan taku yake: ka zo bakin rami daidai, kada ka rage kada ka ƙara, ka tsaya cak, dutse ya wuce, ka tashi. Malamin asibitin garin yana da nasa gem ɗin, mai madannai biyu a rabe, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Na gwada shi sau ɗaya na mayar masa. Kafin ka ɗaga yatsa daga wannan ka kai wancan an riga an binne mutuminka. Mararraba kuwa juyowa a wurinta kamar ƙiftawar ido ne. Hannun dama da ake ta yi wa kirari, aikinsa kawai ya jira a ce masa yi tsalle.

A hawa na uku ta fara nuna mini halinta. Ƙarama ce ƙwarai, kamar don yatsan yara aka yi ta, gefunanta kuma da kaifi. Kwana huɗu fatar yatsana ta tashi ta yi ruwa. Ga zafin ƙarshen damina, gumi ya sa yatsa santsi, ka nufi gaba sai ya zame ya ɗan taɓa sama. In kana kusa da tsani, shi ke nan, ɗan banzan mutumin sai ya kama hawa ba ka aike shi ba, ya kai kansa daidai inda dutse ke saukowa. Sau nawa na zage shi, na zagi uwar tsanin, na zagi wanda ya zauna a ƙasarsu mai sanyi ya ƙera abu bai tuna akwai masu gumi a duniya ba. Na gwada ɗaura ƙyalle a yatsan, sai na daina jin amsawar madannin, na koma kamar Yaya. Na shafa toka, ta shiga ƙarƙashin mararrabar ta fara ƙara kamar ƙofar langa-langa. Na kwashe yini guda ina hure ta da bakin biro.

Asabar ta farko ta zo ina hawa na uku. Na ce wa matata hanya ba ta da kyau, mu bari ta ƙara bushewa. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

A mako na biyu batir ya mutu. Ba irin na tocila ba ne, wasu 'yan ƙanana ne guda biyu kamar ƙwayar magani. Na zagaye Kebbe kaf, mai gyaran rediyo ya juya su a tafin hannu ya tambaye ni ko maɓallin riga ne. Sai da na ba direban motar da ke zuwa Sakkwato saƙo ya nemo wajen masu agogo. Ya manta a tafiyar farko, ya kawo waɗanda ba su shiga ba a ta biyu. Kwana tara gem ɗin yana kwance a kan taga kamar mushe. Ina iya hawa babur in je gida a cikin kwanakin nan, ba abin da ya riƙe ni. Amma me zan je in yi hannu rabbana? In sake kallon bango?

Ranar da batir ya zo ina zaune ina cusa shi, matata ta ajiye mini kwanon fura. Ita ma ɗin uwar 'yar fari ce, kunyar da ta ɗaure ni ta ɗaure ta ninki biyu. Ta tsaya tana gyara faifan da ba abin da ya same shi.

"An ce duma ya bushe Jabo," ta ce.

"Na jiya, an gaya min," na ce.

"To."

Ta koma ɗaki. Na ji haushinta har raina, wai ita ba ta ga aikin da nake yi ba. Yanzu in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina, don duk abin da bakinta zai iya ɗauka ke nan ta faɗa, ni kuwa na mayar da kai kan gilashi.

Hawa na huɗu shi ya cinye sauran kwanakin. Wuri guda ne tak. Za ka ruga gaba, ka ja baya taku ɗaya don dutse ya wuce ta gabanka, ka sake rugawa, ka yi tsalle a kan rami mai faɗi, kana sauka ka danna sama ka kama tsanin ƙarshe. Motsi biyar cikin numfashi guda, huɗu daga ciki na yatsan hagu ne. A nan na gane hannun gaba na mararrabar ya fara gajiya, tunda shi ya fi shan danna. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci sai ka ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfin kuma ya ba ka taku biyu a maimakon ɗaya. Na mutu a bakin ramin nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Rannan na ɗaga gem ɗin zan maka shi da bedi, sai na tuna na Yaya ne, na maka hulata.

Wata Alhamis, mako na takwas, ina zaune ko tunanin cin nasara ba na yi, yatsan ya yi abinsa shi kaɗai. Gaba, baya, gaba, tsalle, sama. Mutumin ya kama tsani ya haye, ƙararrawa ta yi wani ɗan kuka siriri kamar na ɗan tsako. Iyakarta ke nan, sai wasan ya koma farko. Na sake yi sau uku don in tabbata ba sa'a ba ce. Ran Asabar da hantsi na ɗaure gem ɗin a ƙyalle na hau babur, ina maimaita jawabina tun daga Kebbe har Tambuwal.

Na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a inuwar rumbu, kusa da inda Gwaggo ke tsince wake. Yaya ya zo, matarsa ta leƙo, yara suka kewaye ni. Na yi a gwajin farko, ko rai ɗaya ban rasa ba. Ƙararrawa ta yi kukanta, yara suka yi ihu, Yaya ya riƙe baki yana salati. Na gyara murya na fara zancen jirgi da masu ƙera shi da zamanin da ke tafe. Ko rabi ban kai ba Gwaggo ta katse ni, idonta na kan wake.

"Malamin gona, aje jirgin ga. Ni ban ce hagu ba ta da aiki ba. Da ita nika riƙe faifan ga. Amma ɗiya mace ta miƙa ma baƙo ruwa da hagu, ni za a zaga, ba kai ba." Ta watsar da tsakuwa. "Ran da Alhaji yaz zo na ga idonka. Nic ce wanga yaro shina da magana. Duman ya iso, na aje shi bisa randa sati biyu ina jiranka, tunda kai ka san zafin abin. Ko aike kay yi da na saurara. Asabar ta farko ba ka zaka ba, ta biyu ba ka zaka ba. Nic ce ashe ya yarda."

Yaya ya shiga duba bayan gem ɗin kamar akwai rubutun da zai karanta.

Gwaggo ta ƙwala wa yarinyar kira ta zo ta gaida baƙo. Ta fito daga ɗaki ta durƙusa nesa kaɗan. Hannunta na hagu ya yi jawur har ya doshi baƙi, tun daga yatsu zuwa wuyan hannu. Ashe ita da lalle aka yi mata nata, aka ce mata kwalliya ce, kullum a sake sabon ƙunshi har mako uku. Ni ko wannan lallashin ban samu ba a zamanina. Ta ɗora hannun a bayanta, ta gaishe ni da ladabi.

Na karya al'ada a ranar, bayan karyawar ta daina amfani. A gaban Gwaggo da Yaya na ce mata ta matso, na miƙa mata gem ɗin. Ta karɓa da dama. Ta ajiye shi a kan tabarma, ta sa manunin dama tana tsikarar mararrabar kamar mai taɓa ƙwaro ta ga ko yana da rai. Mutumin ya yi taku uku ya faɗa ramin farko. Ta yi dariya, ta sake, ya sake faɗawa.

"Ba haka ba," na ce. "Duba nan."

Na ɗauka na riƙe a gabanta yadda za ta gani, na ɗora babban yatsana na hagu a kan mararraba, na fara tafiya da mutumin a hankali. Ta dubi gilashin, ta dubi yatsan, ta waiwaya wajen Gwaggo. Sannan ta matso dab da ni, ta sa ɗan hannunta na dama ta ɗage yatsana daga kan madannin, a hankali, don kada a ji a yi mini faɗa.

"Baba, ba kyau," ta ce da raɗa. "Da dama aka yi."